Ɓawon Gujiyar Taubashiyata

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, sai dai wani yana riga wani. Taubashiyata, ɗiyar goggona, ta riga ni. Ran Talata da hantsi muka kai ta makwancinta a nan Dingyaɗi, yau kwana goma sha ɗaya, kuma har yanzu gwiwoyina ba su yafe mini zaman makokin ba.

Kwana uku na yi a zauren babban ɗanta ina karɓar gaisuwa. Masu lambun albasa sun zo daga Dancaɗi da warin sana'arsu. Surukinta tela ya zo daga Shagari da jama'arsa. Kowa da abin da ya riƙe nata. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a faɗa mana ba ta taɓa zuwa roƙon dusa ta koma da ƙwarya wofi ba. Liman ya ce shekara talatin bai ji an kawo ƙararta ba. Ƙaramin ɗanta, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya ce shi abin da ya dame shi tarin ɓawo da ƙaiƙayin da ta bari a bayan ɗaki, a ƙone ne ko a kai gona. Wansa ya harare shi.

Amma duk wanda ya durƙusa a gabana, magana ɗaya yake yi mini.

"Baba, sai haƙuri. Kai munka fi jin tausai. Ba wanda marigayiya taka ganin girmanai kamar kai. Kullum Malam, kullum ran Malam shi daɗe."

Sai in ce amin, in sunkuyar da kai, su ɗauka kewa ce. Ba su sani ba, wannan girman da suke yabo shi ne horo mafi zafi da aka taɓa yi mini, ni da na sha bulalar makarantar boko. Don haka na nemi takarda da alƙalami, in rubuta wa jikokinta yadda abin yake, kada su tashi suna zaton kakarsu mace ce mai ladabi. Wannan ƙazafi ne, kuma ba zan bari a binne ta da shi ba.

Uwarta da ubana ciki ɗaya suka fito. An haife ta a Lambara, aure ya dawo da ita garinmu, ta girme ni da shekara tara, ita ke goya ni ina jariri duk sanda goggo ta zo da ita ganin gida. Kowa ya san abin da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji: zagi halal ne, wawaso halal ne, fushi kuwa babu shi. Ni ina cewa baiwata ce, ita tana cewa ni ne bawan, kuma mun shekara hamsin ba a raba gardamar ba. In na shiga gidanta ba na sallama irin ta mutane, sai in ɗaga murya in ce, "Ina baiwar nan mai haƙori ukku?" Ita kuma daga bakin murhu ta amsa, "Ku ɓoye tuwo, ga jakin Ingilishi nan ya kwance." Abin da na ga dama a ɗakinta in ɗauka, abin da ta ga dama a rumbuna ta aiko a ɗebo. Ta taɓa kwashe mini takalma a ƙofar masallacin Juma'a na Boɗinga, na tako har gida a kan rairayi mai zafi, na iske su rataye a wuyan akuyarta.

Sunan jakin Ingilishi kuwa na same shi da gumina. An kai ni makarantar boko ina yaro, na yi aji biyu da rabi, rabin nan a bakin ƙofa na yi shi. Da wannan ilmi mai yawa na zama masinjan Baturen gona, ina riƙe masa doki, daga baya ina tura masa mota in ta kafe a yashi, ina juya masa magana in Hausarsa ta ƙare, ko da yake tasa Hausar ta fi nawa Ingilishin tsawo.

Ita kuwa karatunta a bakin turmi ta yi shi, kuma fanninta abin da mutane ke zubarwa. Ba ta yarda a haɗa mata shara wuri ɗaya. Ƙaiƙayin gero tarinsa daban, na kwaɓa ƙasar rumbu ne. Dusa ta akuya ce mai shayarwa. Kowar wake, wato ɓawonsa, ta ragon layya ce. Ɓuntun shinkafa a zuba wa garwashi ya riƙe wuta har dare. Ɓawon gujiya, wato abin da mutanen gabas ke kira gyaɗa, a shimfiɗa shi a fangalin albasa don ƙasa ta riƙe laima. In amarya ta zo gidan ta share tsakar gida ta haɗa su gaba ɗaya, sai ta zaunar da ita ta ware su da hannu, tana yi mata hira mai daɗi har a gama. Ba amaryar da ta sake.

Akwai wani Baturen gona da muka yi, saurayi, dogo, mai son kalmomi kamar yadda wasu ke son goro. Wata rana muna hutawa a gindin tsamiya ya tambaye ni sunan ɓawon gujiya, na faɗa masa, ya rubuta. Sai ya ce su a wurinsu akwai kalma ɗaya, wai hal, da ita za ka iya kiran ɓawon gujiya, da na wake, da ɓuntun shinkafa. Ya ce tsohuwar kalma ce, tushenta daga wata kalmar kakanninsu mai nufin rufewa ko suturtawa, kuma har gangar jikin jirgin ruwa haka suke kiranta. Na riƙe wannan ilmi da hannu biyu, ban tsaya ko'ina ba sai gidan taubashiyata, don in nuna mata bambancin wanda ya yi makaranta da wanda bai yi ba. Na iske ta tana bakace. Na gyara murya na zuba mata bayani tun daga tushe har jirgin ruwa.

Ba ta ko ajiye faifan ba. Ta ce, "Kalma guda? Du da ƙaiƙayi da ɓuntu da kowar wake? Ashe matsiyata na. Shi ya sa sunka baro garinsu."

Na ce ai hikima ce, taƙaitawa ce.

Ta ce, "To ka ce mai in ragonai ya ji yunwa shi ba shi jirgin ruwa."

Daga baya ta ce, "Amma kakanninai sun san abin da suka faɗi. Sutura ta. In ka koma ka tambaye shi, tunda shi da bakinai yac ce sutura ta, don mi shika son a tuɓe ta tun lokaci bai yi ba?"

Ta faɗi haka ne don a shekarun nan maganar da ake ciki ke nan. Masu sayen gujiya sun ce daka a turmi yana farfasa ƙwaya, su kuwa lafiyayya suke so. Sai aka kawo injin ɓara, wani kwando na ƙarfe mai huda-huda a gindi, da mariƙi da ake kaiwa a komo. Aka kuma kawo sabon iri mai manyan ƙwaya, ni na yi ta yawo da shi ƙauye-ƙauye ina yabonsa, har kusan kowa ya bar nasa na da ya kama shi.

Ban da ita. Tana da wata gujiya da muke kira 'yar Kaka, ƙarama, ja, mai kaushin ɓawo, sau da yawa ƙwaya uku a kwanso. Kakarmu ce ta ba goggo ranar da za a kai ta Lambara, goggo ta ba ta ranar da za a kawo ta nan. Ba ta da auki a buhu, amma tana riga kowace nuna, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero bai iso ba. Ni kaina na ci ta a daminar da ba don ita ba da sai ganye. Irin shuka kuwa tana ajiye shi da ɓawonsa cikin wani tsohon tulu, ta liƙe bakin da laka, ba ta fasawa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Daga ranar za ta zauna ta yi ta ɓarewa da yatsa, ɗaya-ɗaya.

To ga abin da na yi. Ina rubuta shi ne don ban taɓa faɗinsa da baki a gaban jama'a ba.

Aka sa ranar gwada injin a garinmu, cikin rani, bayan kowa ya sayar da abin da zai sayar. Bature ya zo, wakilin hakimi ya zo, aka kafa inji a dandali, aka ce a kawo gujiya a gani. Ba wanda ya motsa. Masu ita sun san duk wanda ya fito da kwando a gaban wakili ya nuna abin da ke rumbunsa, kowa sai ya ce tasa ta ƙare. Bature ya dube ni, wakili ya dube ni, ni da na cika baki na ce garinmu ne, a bar mini. Rana tana dukan ƙeyata. Sai na tuna da tulun.

Ita tana Shagari a lokacin, ɗiyarta matar tela ta haihu, ta je zaman wankan jego. Da kayan wani ne, ko na ƙanena, wallahi ba zan taɓa ba. Amma kayan taubashiya ne, kuma tun ina yaro hannuna bai san shamaki a ɗakinta ba. Har ina raya wa kaina alheri zan yi mata, in hutar da yatsunta. Na shiga, matan gida suna kallona suna dariya don sun saba, na sungumi tulun, na fasa lakar a gaban Bature. Kafin a sha ruwa inji ya gama da abin da take kwana biyu tana ɓarewa. Aka yi tafi. Bature ya dafa kafaɗata. Na juye ƙwayar a buhu, na mayar ɗakinta, har na ɗora mata ɓawon a gefe cikin kwando don na san halinta.

Sai da ta yi wata guda da kwanaki ta dawo. Zafin bazara ya shiga buhun, ƙwari sun shiga, jar fatar ta saɓule, rabin ƙwayar ta rabe biyu. An ce ta daɗe a tsugune tana juya hannu a ciki. Ba ta aiko a kira ni ba, ni ma ban je ba, na ce bari ta huce. Da ruwa ya sauka ta tsince masu dama-dama ta shuka. Kullum da safe sai in bi ta bayan gonar kamar mai wucewa. 'Yan kaɗan suka tsiro, sirara, ruwa ya ɗauke na kwana goma sha, suka bi sauran. Jaririyar da aka haifa a Shagari mace ce, sunan taubashiyata aka sa mata, kuma ita ce kakar ta yi niyyar ba wa irin in ta girma.

Da na ga gonar ta zama fili, na yi ƙarfin hali na shiga gidan, na ɗaga murya yadda na saba. "Ina baiwar nan mai haƙori ukku?"

Ta fito daga ɗaki da sabuwar tabarma, ta shimfiɗa a inuwa. Ta koma ta kawo ruwa a kwanon baƙi. Sannan matar da ta goya ni a bayanta ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Maraba da Malam. Ran Malam shi daɗe. An zo lahiya?"

Matan gida suka fashe da dariya, sun ɗauka sabon wasa ne. Ni ma na yi dariya. Na ce, "Ke tsohuwar banza, tashi." Ta ce, "To, Malam." Ta tashi ta tsaya a gefe, hannu a haɗe, har na sha ruwan na fita.

Damina bakwai aka yi haka.

Ba abin da ban gwada ba. Na ba ta haƙuri a gaban babban ɗanta, ta ce, "Wane laihi Malam yay yi? Ai Malam aikin hukuma shika yi." Na kama kazarta a gabanta na tafi da ita, da la'asar sai ga ta biyu an aiko, wai ko Malam yana da baƙi. Na tsaya a bakin rijiya na ce duk Dingyaɗi ba mai munin tafiyarta, ta ce Malam ya fi ta sani, shi ya yi karatu. Shekarar da kurkunu ya kwantar da ni wata biyu, ita ce ke zuwa kullum da ruwan zafi tana gasa mini ƙafa, tana naɗe tsutsar a tsinke a hankali. Ta dafa mini kunu, ta wanke mini miki, in za ta tafi ta durƙusa ta ce Allah shi ba Malam lahiya. Na juya fuska ga bango. Da ta zage ni sau ɗaya, da na warke a mako.

Baturen ya koma ƙasarsu, aka kawo wani, ni ma na ajiye aiki. Sai na shiga neman 'yar Kaka. Kasuwar Boɗinga, kasuwar Shagari, gidajen dangin goggo a Lambara, duk inda aka ce akwai tsohuwar da ba ta karɓi sabon iri ba, sai in ɗaura wa jaki akumari. Wasu su ce sun san ta amma ta ɓace musu, wasu su ce ai kai ne ka ce mu bar ta. In na samo mai kama da ita in kawo, ta karɓa da hannu biyu, ta murza ɓawon da babban yatsa, ta ce, "Allah shi saka ma Malam da alheri." Sai ta miƙa wa jikoki su ci. Nan nake gane ba ita ba ce.

Na gaji. Ba na jin kunyar faɗi. Sa'o'ina da muka tashi tare sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage ba sa ji sai an yi ihu, duk wanda ya gan ni sai ya rusuna. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ke da ikon ce mini wawa, ita kuma ta ƙi.

Bana da kaka ciwo ya kwantar da ita, idonta ma ya tafi. Babban ɗanta ya same ni ya ce, "Baba, in akwai abin da za ku faɗa ma juna, ku faɗa." Ba ni da abin faɗa da ban faɗa ba. Sai na yi dabara irin ta masu ilmi. Na samo jar gujiya mai kaushin ɓawo wurin wata mata a bayan Lambara, na san ba ita ba ce, amma ta yi kusa. Na zazzage kwando guda a tabarma, na wuni ina tsince masu ƙwaya uku kaɗai, har na tara cikin tafi biyu. Na ƙulle a tsumma, na shafa masa toka don ya yi kamar ya daɗe a ajiye.

Da hantsi na shiga. Tana kwance a kan gadon kara, ta zama kamar yarinya don rama, ɗiyarta matar tela tana yi mata fifita. Da ta ji muryata sai ta fara yunƙurin tashi ta gaishe ni, ɗiyar ta danne ta. Na ce, "Na samo. Wanga karon ita ta." Na kwance ƙullin na zuba mata a hannu.

Ta murza ɗaya. Ta murza ta biyu. Ta bi su duka da yatsa, a hankali, kamar mai jan tasbaha. Sai na ga bakinta yana motsi, na matso don in ji godiyar da na saba ji.

Ta ce, "Du ukku-ukku?"

Na ce, "Du."

Ta ce, "Ba ko mai biyu guda?"

Na ce, "Babu."

Ta ce, "Kai, amma an yi wawa! Wace gujiya ta Allah ya taɓa yi du ukku-ukku? 'Yar Kaka da kanta rabinta biyu-biyu ta! Zama kay yi ka tsince, jakin Ingilishi, ko ƙarya ba ka iya ba! Aji biyu da rabi, ashe rabin ma ƙari anka yi maka!"

Dariya ta kama ta har ta koma tari, ɗiyar ta ruɗe tana cewa, "Inna, Baba na fa, Baba na!" Ta ce, "Na san shi, ni nag goya shi, ya yi man fitsari a baya. Bawana na." Ni kuwa ina zaune a ƙasa, hawaye yana bin gemuna, na ce, "Baiwar banza, da haƙori ukku na san ki, yanzu ina sauran?" Ta ce sun tafi biɗar hankalina, ba su dawo ba.

Muka yi ta yi har azahar. Ta zagi tafiyata, ta zagi jakina, ta zagi hular da na sa ranar aurena na fari. Bashin damina bakwai ba ya biyuwa a wuni ɗaya, amma ta yi ƙoƙari. Maganar tulun ba ta tashe ta ba, ni ma ban tasa ba. Da zan fita ta sa aka mayar da gujiyar cikin tsumman, ta ce wa ɗiyarta, "Ki kai ma takwarata. Kar a ɓare sai ruwa ya sauka, kuma kar a bar wanga ya kusance ta. In an tambaye ta sunan irin, ta ce 'yar Wawa."

Kwana biyu bayan nan ta cika.

Allah ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya sa ta iske kakarmu da goggo cikin rahama. Yarinyar tana Shagari, shekararta bakwai, an ce ta rataye ƙullin a saman ɗakin uwarta tana jiran damina. Jiya ubanta, telan nan, ya zo mini sallama zai koma, yana ta murza hula, ya ce wai ko a sake wa irin suna, don girmana. Na ce ya kuskura.